Rabon Haruna

Idan kun ji ana cewa wai Larai mai gurasa ta yi jarumtaka a shekarar faɗan Kano, ku ce ƙarya ne, ni Larai ɗin ce na faɗa da bakina. Ba jarumtaka na yi ba. Taurin kai na yi, sannan na yi suɓutar baki, kuma ba a jikina abin ya ƙare ba.

A wannan shekara ta hamsin da uku ina zaune a Jakara, gidan wata dattijuwa, Iya Lauratu, wadda ta ba ni ɗaki da gefen tsakar gida inda na kafa tanderuna. Bazawara ce ni, daga wani ƙauyen Maguzawa can bayan Ƙaraye, inda 'yan mishan suka zo muka karɓi Almasihu, ni da marigayi mijina. Da ya rasu na shigo birni neman abin yi, na koyi gurasa a hannun matan unguwa. Birni kuwa a lokacin ba ya ajiye wanda ba ya salla. Irinmu Sabon Gari aka ware musu, can bayan ganuwa. To amma ni Hausata Hausa ce, zanena irin na kowa, alwala ma na iya ta sarai. In an kira salla sai in shiga ɗaki in saki asabari, in yi tawa addu'ar. Shekara shida ba wanda ya ɗaga asabarin nan.

Mu uku ne a cikin ganuwa, waɗanda na sani dai. Da ni, da Haruna baduku, mutumin ƙasar Zazzau, yana ɗinkin jaka da takalma a Ƙofar Wambai, yana kwana a Dukawa wajen maigidansa. Kai, ban taɓa ganin namiji mai tsoro kamar Haruna ba! Akuya ta yi atishawa a bayansa sai ya zabura. Amma in ya saki murya da waƙa, ƙasa-ƙasa, sai tsikar jikin mutum ta tashi. Ta ukunmu Gwaggo 'Yardada ce, wata tsohuwa makauniya a Gwale. Ta je asibitin ido na mishan neman gani, ba ta samo ganin ba, bangaskiya ta samo, ta dawo da ita ɗakinta ta ɓoye. 'Ya'yanta duk sun riga ta, maƙwabta ne ke miƙa mata kunu.

Kowace Lahadi ni da Haruna mukan fita ta ƙofa daban-daban, mu ratsa Fagge, mu haɗu a majami'a a Sabon Gari. Ni hujjata a kaina take, kwandon gurasa, wai 'yan kudu nake kai wa. Taron Lahadin nan sujada muke ce masa: za mu sujada, an tashi daga sujada, wance ba ta zo sujada ba. Gwaggo ba ta iya wannan tafiya, don haka in an tashi sai mu zarce Gwale. Akwai gurasa guda da nake ware mata tun tana ƙullu. Kafin in manna ta a cikin tanderu nakan danna mata layi biyu da gefen yatsa, yadda za ta rabu gida uku ba gardama. Mu zauna a tabarmar Gwaggo, Haruna ya maimaita mata wa'azin da aka yi, ya yi waƙa a maƙogwaro don kada katanga ta ji, ita kuma ta lalubi layukan ta gutsura mana.

"Wannan ba jibin Ubangiji ba ne, ba mu da fasto," takan ce. "Amma muddin gurasar nan tana zuwa, na san ba a manta da ni ba, a sama ko a ƙasa. Ran da ba ta zo ba kuwa, to."

Ba ta ƙarasawa. Ni kuma nakan ce, "Haba Gwaggo, ai sai dai in tanderu ya fashe."

Tanderu bai fashe ba, gari ne ya fashe. Ranar wata Asabar, azumi bai fi kwana biyu da kamawa ba, faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Siyasa ce aka ce, ni ban san kanta ba. Abin da na sani, kwana huɗu muna hango hayaƙi ta bayan ganuwa, ana shigo da waɗanda aka sara a kan amalanke. Da abin ya lafa aka ja waya mai ƙaya tsakaninmu da su, aka zuba sojoji, aka hana taro. Majami'a ma muka ji an ce kowa ya yi addu'arsa a gida. Lahadin farko ko zaure ban leƙa ba. Na kwanta a ɗaki, gurasar Gwaggo ko kwaɓa ta ban yi ba. Na ce a raina ai za ta gane.

Ran Laraba wata dillaliya mai yawon gidaje da zannuwa ta shigo gidanmu. Bayan ta gama da Iya Lauratu sai ta juyo wajena.

"Ke ce Larai? Makauniyar nan ta Gwale ta ce in gaya miki, wai Lahadi ta wuce ba ta ji ƙanshi ba. Ni ban san me take nufi ba. Amma fa jikin nata ya yi tsanani, kunun ma ta daina karɓa. In kina da abin yi da ita, ki hanzarta."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Tsohuwar nan tana kwance a duhu tana ƙirga kwanaki, tana jira a gaya mata ba a yar da ita ba, ni kuwa ina nan ina lallaɓa raina. Na yi alkawari a zuciyata, ko sama da ƙasa za su haɗu, ba za ta mutu tana zaton mun manta da ita ba.

Washegari na sami Haruna a rumfarsu a Ƙofar Wambai. Me zan gani a wuyan hannunsa? Carbi, sabo fil.

"Sannu da ibada, Malam Haruna," na ce da ƙarfi don na kusa su ji, sannan na durƙusa kamar mai duba takalmi. "Gwaggo ba lafiya. Lahadi za mu."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da soka basilla a fatar da yake ɗinki.

"Yaya Larai, don Allah ki rufa mini asiri, kada ki ƙara zuwa nan. Maigidana ya fara tambayar inda nake zuwa ran Lahadi. Jiya a sahun gaba ya tsayar da ni, kafaɗa da kafaɗa. An sa ni cikin masu tsaron lungunmu, har sanda aka ba ni. Ki bari ƙura ta lafa."

"A kan kabarinta za ta lafa."

"Ki ce mata ina yi mata addu'a."

"Riƙe addu'arka, matsoraci," na ce. Na jefar da takalmin a gabansa, na miƙe na yi tafiyata. Allah na gani, har daɗi na ji da kalmar ta same shi, don na ga kansa ya ƙara sunkuyawa.

Lahadi ta zo. A watan azumi ba mai hura tanderu sai bayan azahar, don gurasa ta riski shan ruwa da ɗuminta. Ni da hantsi na cusa kara na kunna, saboda ina so in je in dawo kafin aikin yamma. Hayaƙi ya miƙe sama shi kaɗai a duk unguwar. Iya Lauratu ta fito da sauri, ɗankwali a hannu.

"Larai! Hayaƙi da hantsi, a wannan wata, a wannan mako? So kike a zo a ce gobara ce, ko a ce wani abin?"

"Guda ɗaya ce, Iya. Ta mara lafiya."

Ta tsaya tana kallona ina danna layukan nan biyu. Na so in kare da hannu, amma ta riga ta gani, kuma da alama ba ranar ta fara gani ba.

"Kin ji abin da ake faɗa a gari?" ta ce. "Wai an shigo da abinci mai guba daga Sabon Gari, za a sa wa mutane a shan ruwa. Ƙarya ne ko gaskiya, oho, amma samari sun ɗauka. Suna tare mutane suna buɗe kwanuka. Ke kuma kowa ya san inda kike kai gurasa."

"Gwale za ni, ba Sabon Gari ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta, baƙi mai kauri irin na dattijai, ta yafa mini da hannunta.

"Shekara shida ban tambaye ki komai ba, yau ma ba zan tambaya ba. In an tare ki, ki ce abincin mara lafiya ne, azumi ba ya kan mara lafiya. Shi ke nan, kada ki ƙara ko kalma. Na san bakin nan naki. Maimaita in ji."

"Abincin mara lafiya ne."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Na sa gurasar a ƙwarya, na rufe da faifai, na tura ƙarƙashin mayafi, na fita. Rana ta take, iska ko kaɗan babu, ta gabas kuma hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin, bai matso ba bai kuma tafi ba. Kasuwar Kurmi da ko allura ba ta samun wurin faɗuwa, ranar rabin rumfunanta a rufe suke. Mutane na zaune a inuwa uku-uku, biyu-biyu, ba hira, kowa sai bin mai wucewa da ido. Ina tafe ina tofar da yawu kamar yadda masu azumi ke yi, don na daɗe da lura cewa wanda ba ya tofarwa a watan nan shi ake kallo. Duk wanda ya ce mini "ya ibada?" sai in ce "da godiya." Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Daga Kurmi akwai hanyar da za ta kai ni Gwale ba tare da na taka Dukawa ba. Na san ta sarai. Amma sai zuciya ta ce mini, bi ta lungunsu, ya gan ki da idonsa, mace, ke kaɗai, ya ji kunya. Ku ji fa! Raina yana hannun Allah, tsohuwa na jira, ni kuwa abin da ya dame ni in ƙona wa Haruna rai. Na karkata na shiga Dukawa.

A bakin lungun suke, su kamar takwas, a gindin wata katanga, da sanduna da gora. Haruna na can ƙarshe, ya riƙe tasa sandar kamar an ba shi ajiya. Da ya gan ni fuskarsa ta yi fari fat, ya kau da kai. Wanda ya miƙe ya tare ni Sani ne, wani mahauci dogo da na sani a kasuwa. Da mutum ne mai fara'a, har tsokanata yake yi. Amma ƙanensa na cikin waɗanda aka shigo da su a amalanke, tun ranar kuma ba wanda ya ƙara ganin haƙoransa. Idanunsa jajur, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage.

"Ba ke ce mai kai wa 'yan Sabon Gari gurasa ba?"

"Ni ce, Malam Sani. Ya ƙarin haƙuri?"

"Me ke ƙarƙashin mayafin?"

Amsar tana bakina, na maimaita ta tun daga Jakara. Amma kafin in buɗe baki wani daga baya ya daka mini tsawa.

"Ke, ina za ki da tsakar ranar nan?"

Ranar Lahadi ce, ƙwarya na hannuna, ƙafata na kan hanya. Shekara da shekaru amsar wannan tambaya ɗaya ce a zuciyata, ko da bakina yana faɗin wata. Ranar sai tsoro ya kwance bakin.

"Za ni sujada," na ce.

Wayyo Allah. Ina jin kalmar ta fita na so in kamo ta da hannu. Musulmi yana sujada, sau nawa ma a yini, amma a cikin salla yake yin ta, goshi a ƙasa. Ba ya ɗaukar ƙafa ya ce za shi sujada. Mutane iri ɗaya ne a duk ƙasar Kano ke faɗin haka, kuma waɗannan samari sun yi dako da ciniki a Sabon Gari, sun sha ji.

Waɗanda ke zaune suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

"Sujada," in ji Sani, a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. "A ina ake zuwa sujada a cikin birni?"

"Dubiya nake nufi, Malam. Bakina ne. Abincin mara lafiya ne, wata tsohuwa a Gwale."

"Buɗe."

Na ɗaga faifan. Ƙanshin gurasa mai ɗumi ya bugi hancin mutum takwas da rabonsu da abinci tun asuba. Na ga maƙogwaron wani ya motsa, na kuma ga haushin hakan ya hau fuskarsa.

"Guda ɗaya tak," wani ya ce. "Wa ke ratsa gari da gurasa ɗaya? Ga ma wata alama a jikinta. Wallahi ita ce, irin wadda ake faɗa!"

"Ba komai a ciki sai alkama da gishiri," na ce. Muryata ta zama kamar ta 'yar tsako.

Sani ya sa ƙarshen sandarsa ya taɓa ƙwaryar.

"To ci mu gani."

Kun ga inda aka sa ni? In na ƙi ci, guba ce. In na ci, da rana tsaka, a watan azumi, a gaban maza, bayan kalmar da na riga na saki, to na sa hannu a kan abin da suke zato. Ta kowace hanya gurasar nan ba za ta ga Gwale ba, ni ma da wuya in ga Jakara. Na tsaya ina kallonta a cikin ƙwarya. Gumi yana bin bayana, can gabas aka yi wata tsawa mai nisa. Suka matso har ina jin warin fata da na zufa a jikinsu.

"Ba ni nan."

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Haruna ne. Ya jingine sandarsa a katanga, a hankali, kamar mai gudun kada ta faɗi ta dami wani. Ya ratso tsakaninsu, ina gani. Bai dube ni ba. Ya sa hannu a ƙwaryar ya ɗauki gurasar, ya bi layin farko da babban yatsa, ya gutsure gida ɗaya daidai, ya mayar da sauran.

"Kai Haruna, azuminka fa!" wani ya ce.

Har a nan da sauran mafita. Da ya jefa a baki ya ce ya karya ne don ya ceci unguwa, da an zage shi, an ce ya rama, shi ke nan. Amma sai ya riƙe gutsuren da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, leɓɓansa suka motsa. Musulmi bisimilla yake yi ya ci abincinsa ido buɗe. Rufe ido a kan abinci namu ne, mu kaɗai. Har yau ban sani ba ko sabo ne ya kama shi kamar yadda ya kama ni, ko kuwa da gangan ya yi. Na fi zaton da gangan, don ya daɗe, ya daɗe sosai kafin ya buɗe.

Ya ci. Ya tauna a gabansu ba gaggawa, ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna musu.

"Ba guba. Na san tsohuwar, makauniya ce, tana jira. Ku bar ta ta wuce."

Ba wanda ya ƙara kallona. Duk idanun sun koma kansa.

"Kai ma?" in ji Sani, kamar zai yi kuka. "Shekara nawa muna cin abinci ƙwarya ɗaya? Jiya kusa da ni ka yi salla. Kai ma, Haruna?"

Haruna ya zare carbin daga hannunsa, ya miƙa wa na kusa da shi da ladabi, wai kada ya faɗi ƙasa. Sannan ya juyo, karo na farko ya dube ni.

"Tafi mana, Yaya. Za ta huce."

Ina so in ce muku na tsaya. Ban tsaya ba. Na rufe faifai na rungume ƙwaryar na sheƙa. Ban kai kwanar lungun ba na ji ƙarar farko, irin ƙarar da tabarya ke yi a kan buhu. Na ji ta biyu, na ji ta uku. Na ji muryar wani tsoho tana tashi daga wani zaure, "Ku bari! Ku ji tsoron Allah, watan azumi ne! Ku bari na ce!" Muryar Haruna kuwa ban ji ta ba ko sau ɗaya. Mutumin da akuya ke firgitawa.

Ban san yadda na isa Gwale ba. Iska ta taso, ta fara kwasar yayi da tsummoki tana watsawa sama, gari ya yi duhu kamar magariba. Na faɗa ɗakin Gwaggo ko sallama ban yi ba. Tana kwance a tabarma ta juya wa ƙofa baya, ta ƙanƙance kamar ƙullin kayan wanki. Na zaci na makara. Sai na ga hancinta ya motsa.

"Larai," ta ce, ba ta juyo ba. "Tanderun bai fashe ba ashe."

"Bai fashe ba, Gwaggo. Ki yafe mini."

Na tallafe ta ta zauna, na jingina ta da bango, na ɗora mata ƙwaryar a cinya. Yatsunta suka shiga lalube. Ta sami layi ɗaya, ta nemi na biyu, sai ta ji gefe a gutsure. Ta bi gefen nan da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi.

"Biyu ne. Ina na ukun?"

"Haruna ya karɓi nasa a hanya."

"Ya ci?"

"Ya ci, Gwaggo."

"Da ranar nan? A ina?"

"A bakin lungunsu."

"Shi kaɗai?"

Ta miƙo hannu ta taɓa fuskata, ta ji ta jiƙe sharkaf. Makauniya ce, ba wawuya ba. Ruwa ya fara sauka a kan rufin ɗakin da manyan ɗigo.

"Ya yi godiya kafin ya ci?" ta tambaya.

"Ya yi. Ido rufe."

Ta gyaɗa kai. Ta raba abin da ya rage gida biyu, ta laluba ta sa mini nawa a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai.

"To ashe an riga an fara sujada, mu ne muka makara. Rufe idonki, 'yar nan."

Muka ci. Ita da aka ce ko kunu ba ta karɓa, ta cinye nata tas, har tana tsintar ɓurɓushi a zane. Da aka zo wurin waƙa ba mai yi, don ni muryata ta jaki ce, ita kuma numfashi ya yi mata kaɗan. Sai muka zauna kawai, hannuna cikin nata, muka bar wurin waƙar a buɗe har ruwa ya tsagaita.

Kwana tara ta ƙara a duniya. Maƙwabtanta suka yi mata sutura irin tasu, ni ina daga bakin ƙofa ina yi mata irin tamu a zuci. Ba ta mutu tana zaton an yar da ita ba, wannan kam na sani.

Ni ba abin da ya same ni, ko ƙwarzane. Iya Lauratu ta karɓi mayafinta ta shanya, ta ce in kwana biyu ban leƙa kasuwa ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Bayan Salla da kaina na tattara na koma Sabon Gari, don na kasa bin hanyar Kurmi.

Haruna kuwa, dillaliyar nan ce ta kawo mini labarinsa. Tsohon malamin da na ji muryarsa shi ya faɗa kansa ya rufe shi da rigarsa, ya ja shi zaurensa, ya yi jinyarsa kwana uku, sannan ya sa aka fitar da shi ta Ƙofar Ruwa a kan jaki. Da ransa ya fita. Amma da hannun dama ya riƙa kare kansa, kuma ta ce yatsun ba su ƙara riƙe basilla ba. Wasu sun ce ƙasar Zazzau ya koma, wasu sun ce Jos. Na aika, na tambaya, duk baƙon da ya zo majami'a daga kudancin nan sai na tare shi a ƙofa. Ba wanda ya san baduku mai shanyayyen hannu da muryar waƙa.

Ina ta lissafa maganganun da suka shiga tsakanina da shi, ko zan sami wata bayan ta ranar Alhamis ɗin nan. Babu. A bakin lungu shi ya yi magana, ni ban ce masa uffan ba, ko sannu. Don haka kalmar ƙarshe da na faɗa wa Haruna ita ce matsoraci, kuma da ita ya hau jakin nan ya tafi.